Bin Sawun Bawa Mai-Nutso

Yaran yanzu da ke zuwa rumfata a Birnin Kebbi sun ɗauka wannan aiki ba shi da wuya. Wani zai zo da waya a hannu, ya ce an gaya masa kakansa ya yi soja, in buga sunan kawai labari ya fito. Nakan ce masa ya zauna tukuna. Sana'ata ita ce bin sawun mutanen da suka yi aikin soja, na ƙasa ko na ruwa, suka mutu suka bar 'ya'ya da jikoki ba su san inda suka je ba, balle abin da suka yi a can. Na tsufa a cikinta. Yawancin abin da na iya a kan kuskure na koye shi, kuma ba ni na ɗauki nauyin kuskuren ba, masu kawo mini aiki ne suka ɗauka. Zan ba ku labarin wata tsohuwa daga Argungu da ta zo neman mahaifinta, amma sai kun fara jin yadda ake aikin.

Karatuna bai wuce firamare ba. Da rubuta wa mutane wasiƙa na fara, a gindin wata bishiyar dogonyaro kusa da gidan waya. A gefena akwai wani tsohon soja mai suna Kofur Mamman, wanda ya yi akawu a bariki, shi ne tsofaffin sojojin ƙasar nan ke kai wa takardunsu in maganar fansho ta rikice. Da idonsa ya fara rauni sai ya jawo ni ina buga masa a tafireta. Mutum ne mai faɗa. In na juya takardar kabon baibai, ba zai gaya mini ba sai na kai ƙarshen shafi, sannan ya zare takardar ya miƙo mini wata. Shi ya hana ni buɗe tsohuwar takarda da ta daɗe a ninke. Sai an ajiye ta kusa da randa ta sha sanyi ta yi laushi, in ba haka ba a kan ninkin za ta karye, kuma a kan ninkin ne rubutun da ake nema ya fi zama.

Babban abin da ya koya mini shi ne lamba. A zamanin Turawa, in an ɗauki kurtu, sunansa ake rubutawa a haɗa da sunan garinsu. Sai ka tarar da Garba Argungu a wannan kamfani, wani Garba Argungu a na gaba, wani kuma ya mutu tun a hanya. Lambar soja ce kaɗai ba a raba wa mutum biyu. Littafin sallama da ake ba soja in ya gama aiki a lokacin ba shi da hoto, sai suna da lamba da dangwalen yatsa. Don haka Kofur ba ya fara aiki sai ya ji lamba, kuma na ga tsofaffin da suka manta sunayen jikokinsu, amma in ka tambayi lambarsu sai su zubo ta kamar karatun allo. Na riƙe wannan darasi. Na riƙe shi har ya wuce inda Kofur ya tsaya.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tafireta, da gilashin ƙara girman rubutu, da ƙaramar rikoda mai kaset, da akwatin ƙarfe da Kofur ya bar mini cike da kwafin takardun mutanen da ya yi wa aiki. Sai goro, wanda bai kamata a raina shi ba, don tsohon soja ba ya buɗe baki a gaisuwar farko. Za ka je ka zauna, ya ba ka labarin tsadar taki da rashin kunyar matasa, ka tashi ka tafi. In ka koma ne zai fara ambaton jirgin ruwa. Masu zuwa wurina da farko matan da mazansu suka rasu ne, da littafin sallama ƙulle a bakin zane. Daga baya waɗannan suka ƙare, jikoki suka maye gurbinsu, masu son su ji cewa kakansu jarumi ne. Da yawa sun tafi ba su ji daɗina ba, don wani kakan alfadari ya ja tun daga farkon yaƙi har ƙarshensa, wani kuma a kicin ya ƙare.

Inna Hajo ta zo mini bayan rasuwar Kofur, lokacin ina cin gashin kaina kuma sunana ya fara zagawa. Ɗanta Sani, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Argungu, shi ya kawo ta. Ba ta zo da littafi ba, ba lamba, ba hoto. Ta ce sunan mahaifinta Bawa, masunci ne, ana ce masa Mai-Nutso saboda in ya nutse a gulbi har na kan gaɓa su fara salati bai ɓullo ba. Ya ɓace daga gari a zamanin yaƙin Bama, ita ba ta taɓa ganinsa ba. Mutanen unguwa suka ce gudu ya yi. Wasu suka ce wata mace ya bi zuwa Yawuri, wasu suka ce haraji ya tsere wa. Da sunan ɗiyar gudajje ta tashi, da shi aka yi mata aure, kuma har jikokinta in faɗan yara ya haɗa su da wasu sai an jefe su da shi. Mahaifiyarta ba ta taɓa tanka wa kowa ba, sai a ciwon ajalinta ta kira ta ta gaya mata magana ɗaya. Inna Hajo ta maimaita mini ita yadda ta ji.

"Ubanki bai gudu ba. Soja yat tahi."

Abin da take so ke nan, a tabbatar mata uwarta ba ƙarya ta yi mata a bakin mutuwa ba. Sani kuwa bai ɓoye nasa ba. A gabanta ya ce ya kawo ta ne don a kashe maganar, ta dame su da ita, ko baƙo aka yi sai ta tambaye shi ko yana da tsohon soja a danginsu.

Na yi aikin, ba zan ce ban yi ba. Na juye akwatin Kofur. Na shiga mota har Kaduna, gidan ajiyar tsofaffin takardu, na zauna ina bin sunayen kuratan ƙasar Kabi da yatsa. Na zaga tsofaffin sojojin da suka rage a Argungu. Duk Bawa da na samu, an san gidansu, an san ya dawo, an san inda aka binne shi. Babu masunci a cikinsu.

Da suka dawo jin sakamako, abin da ya kamata in ce shi ne na nema ban samu ba. Da Kofur ne, iyakar abin da zai faɗa ke nan. Ni kuwa a lokacin ba na son a ji cewa wani aiki ya gagare ni. Na gyara zama na ce mata na bincika ko'ina, mahaifinta bai taɓa shiga soja ba. Sani ya juya ya ce da ita ta dai ji da kunnenta. Ta gyara lulluɓi, ta yi mini godiya, ta ajiye mini ƙunshin kifin da ta zo da shi, suka tafi. Daga baya na ji a bakin Sani cewa tun ranar ba ta sake tayar da maganar ba, har yana yi mini godiya a kan haka.

An yi shekaru, sai wani aiki ya zo daga wani gidan malamai a tsohon gari. Alhaji Nasiru babban ma'aikaci ne da ke shirin ajiye aiki, yana son ya buga ɗan littafi a kan tarihin gidansu. Ya kawo mini littafin sallamar kakansa a cikin gafaka, tare da minda, wato lambar girman da ake maƙala wa soja a ƙirji. Sunan a fili, Umaru Birnin Kebbi, lamba ba ta goge ba. Irin aikin da kowa ke so ke nan. Alhaji ya ce ya san kakan nasa, Malam Umaru, siririn mutum mai karantarwa a zaure, wanda in yaro ya tambaye shi labarin yaƙi sai ya ɗauki buta ya tafi alwala. Gidan duka sun ɗauki hakan a kan tawali'u.

Da lamba a hannu, hanya ta buɗe. Na gano bataliyarsu, na gano sun shiga jirgi daga Ikko, sun sauka ƙasar Indiya, daga nan aka shiga da su dajin Bama. Akwai wani mutum a Ikko da nake rubuta wa in aiki ya kai can, shi ma irin sana'ata yake yi. Ya aiko mini da amsa cewa mai wannan lamba, bayan yaƙi, an ɗauke shi aiki a jiragen ruwan gwamnati, kuma da aka zo kafa sojan ruwa yana cikin waɗanda aka ɗiba daga can. Na karanta na sake karantawa. A waɗancan shekarun Malam Umaru yana zaune a zaurensa, rabin unguwa a gabansa suka yi karatu. Sai na yanke cewa wani akawu ne ya yi kuskure, na tura takardar ƙasan akwati. Ku riƙe wannan. Abin da ya ƙi shiga labarin da kuka riga kuka shirya, shi za ku fi zama a kansa. Ni jefar da shi na yi.

Don littafin Alhaji ya yi armashi, na so in sami wanda ya ga Malam Umaru a fagen yaƙi da idonsa. Aka ce mini akwai wani Saje Gado a Zauro, kamfaninsu ɗaya, yana nan da rai. Na hau babur da farkon damina, mutane duk suna fadama wajen shinkafa. Na same shi kwance a rumfa, ido ya tafi, amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Shi bai ba ni wahalar sauran ba, da alama ya daɗe bai sami mai saurarensa ba. Na kunna rikoda, na fara karanta masa lambar, kafin in kai ƙarshe ya ƙarasa mini ita. Na ce masa jikan Malam Umaru ne ya aiko ni, yana son jin yadda malamin ya yi zaman soja. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wane malami? Wanga da ko Ƙulhuwallahu sai mun tura shi?"

Ya ce mai wannan lamba gajere ne ƙaƙƙarfa, da askar Kabawa jere a kunci biyu, kuma tafin hannunsa kamar fatar kada saboda jan taru. A fareti ne kawai ake kiransa Umaru, wani lokaci ma sai an zungure shi yake tuna shi ake nufi.

"Mu dai Mai-Nutso munka san shi. Bawa, mutumin Argungu."

A cikin jirgi, a hanyar zuwa, Bawa ya gaya masa yadda aka yi. An ce wa kowane hakimi ya kawo mutane, rabo ya faɗa kan Umaru, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu. Mahaifinsa ya nemi wanda zai tafi a madadinsa. Aka daidaita da mahaifin Bawa a kan gona guda a fadama, aka yi rantsuwa ba mai faɗa, har matar Bawa aka sa ta rantse, don in Bature ya ji, gidajen biyu da hakimin duk za su sha ɗauri. Umaru aka tura shi karatu can ƙetaren iyaka, Bawa ya dangwala yatsa a ƙarƙashin sunansa.

Saje ya ce a Bama babu wanda kamfanin ya dogara da shi kamar Bawa. In an iso kogi ya cika ya kawo, shi ke kama igiya da haƙori ya faɗa, ya ɗaure ta a wancan gefe, sannan a bi ta da kaya a kan gorar da aka ɗaɗɗaure. In abinci ya yanke, da hannu yake kamo musu kifi. Wani hafsa ya lura da shi, da aka dawo Ikko ya sama masa aikin jirgi. Bawa ya ba Saje littafin sallama da mindar ya kai Birnin Kebbi, don haka aka yi alkawari, Umaru ya sami shaidar da zai nuna kada a sake kama shi. Shi kuma Bawa ya ce zai ɗan yi aiki har ƙura ta lafa, don in ya bayyana a gida alhali wani na riƙe da littafinsa, asiri zai tonu a ƙwace gonar tsohonsa.

Tun da ya ambaci Mai-Nutso na san ko ɗiyar wa na sallama daga rumfata. Amma ku ji tambayoyin da na yi masa. Na tambayi sunan kogin. Na tambayi sunan hafsan. Na tambayi ko da rani suka sauka Ikko ko da damina. Tambayoyin ma'aikaci, irin waɗanda ake cika shafi da su. Can wajen ƙarshe ya ce ai ya sake ganin Bawa sau ɗaya, bayan shekaru, da ya raka motar albasa Ikko. Ya same shi cikin fararen kayan sojan ruwa, suka zauna a bakin teku suka daɗe suna hirar gida. Daidai nan kaset ya ƙare, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Na dubi sama, na tuna hanyar Zauro in ta sha ruwa, na ce masa zan dawo. Na ajiye masa goro na tashi.

Alhaji Nasiru na fara zuwa wa, tunda shi ya ba ni aikin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce maganar makahon tsoho ce da shekaru suka rikita. Don ya rufe mini baki ya shigar da ni cikin gida wurin Goggonsu, ƙanwar Malam Umaru, wadda ita kaɗai ta rage a tsaransu. Daga bayan labule ta amsa, ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce matan gidan duk sun sani, ba wanda ya taɓa tambayarsu ne. Ta ce Yaya ko gulbin nan zai ƙetare a kwalekwale sai ya runtse ido yana jan carbi, wane Bama. Ta ce har ya rasu, duk shekara in an yi girbi yakan ware buhu ya aika Argungu ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba.

Da muka fito zaure Alhaji ya roƙe ni in riƙe maganar har ya tattauna da 'yan'uwansa, kada su ji ta a bakin kasuwa. Na ce to. Ban gaya masa akwai wata tsohuwa da ta fi 'yan'uwansa haƙƙin ji ba. Babban mutum ne, ni kuma mai rumfa.

Ina cikin wannan riƙo ne babbar ambaliya ta zo. Wanda ya gan ta ba sai an ba shi labari ba. Gulbi ya haura ya shafe shinkafar fadama tun daga Argungu har nan, ƙauyuka suka koma makarantu da tuddai. Ɗakin da nake ajiye kaya a gangare yake. Da ruwa ya janye na buɗe akwatin Kofur, takardun sun manne sun zama dunƙule guda kamar tuwon da ya kwana. Na yi ta ɓamɓara da wuƙa ina shanyawa a kan tabarma, abin da ya fita kaɗan ne, shi ma tawadar ta bi ruwa. Aikin rayuwar Kofur ke nan da rabin nawa. Kaset-kaset duk laka ta shige su, har da na Saje Gado. Muryoyin tsofaffin da suka riga suka mutu, waɗanda babu inda za a sake jin su, na kwashe su a kwando na zubar. Shekarar ba wanda ya zo neman kakansa, kowa abin da zai ci yake nema. Babur ɗina ma a shekarar ya tafi.

Zan iya cewa ruwa ne ya hana ni zuwa Argungu, kuma mutane za su yarda. Amma hanya ta buɗe da daɗewa kafin in je. Alhaji ya aiko cewa ya fasa buga littafin. Na koma na roƙe shi ko zai ba ɗiyar Bawa mindar, ya ce littafin sallamar dai da sunan gidansu yake, mindar kuma zai yi shawara. Har yau shawarar ake yi.

Sai da aka fara dashen albasa na shiga mota. Na sami gidan Sani katanga ɗaya ta faɗi an kafa zana. Inna Hajo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame, idonta ya yi hazo, amma ta gane muryata. Na ce a kira Sani da matan gidan, don a gaban ɗanta na yi waccan magana, a gabansa ya kamata in janye ta. Na ce abin da na gaya mata ba daidai ba ne, mahaifiyarta gaskiya ta faɗa. Na ba su labarin tun daga gonar fadama har igiyar da ake kamawa da haƙori, har fararen kayan sojan ruwa. Ba ta katse ni ba. Da na zo wajen rantsuwar da aka sa mahaifiyarta, sai ta ɗaga hannu in dakata, sannan ta ce in ci gaba.

Sani ne ya fara magana. Ya ce to, soja dai ya yi, an ji, amma ai yaƙi ya ƙare yana da rai da lafiya da albashi, kuma bai dawo ba, shi bai ga bambancin wannan da gudu ba. Ba ta kula shi ba. Ta juyo da fuska wajen da nake.

"Malam, sadda yat tahi, cikina ƙarami ne, innata ma ba ta tabbatar ba. Wanga tsoho da sunka yi hira a Ikko, ya gaya mishi? Ya san an haihe ni?"

Saje Gado ya yi shekaru a ƙasar nan kafin ya je Ikko, Zauro da Argungu ba nisa, mai yiwuwa ya ji labarin yarinyar ya kai masa. Mai yiwuwa kuma bai ji ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da aka faɗa a bakin tekun nan, na zauna a gabansa yana son ya faɗa, na tashi saboda hadari. Na ce mata zan je in tambayo.

Washegari na nufi Zauro. Rumfar tana nan, tabarmar babu. 'Ya'yansa suka ce lokacin ruwa an ɗauke shi zuwa makaranta a kan tudu, sanyi ya kama masa ƙirji, bai dawo gida ba. Na tambaye su ko ya taɓa ba su labarin wani Bawa. Suka dubi juna. Babban ya ce tsohon yakan yi ta surutun yaƙinsa, amma su wa ke da lokacin zama. Na rubuta wa mutumina na Ikko ya bi mini sawun lambar har ƙarshe. Abin da ya samo shi ne an sallami mai ita saboda rashin lafiya. Ba adireshi, ba sunan mata ko ɗa, ba a san inda ya kwanta ba. Sawun ya tsaya a nan, kuma na sake gwadawa bayan shekaru da taimakon masu waya irinku, bai motsa ba.

Shi ya sa in kun zo kuna son koyon aikin nan, ba na fara muku da takarda. Nakan ce kafin ku fita, ku zauna da wanda ya kawo aikin har ku gane abin da yake son sani, don sau da yawa ba shi ne abin da ya fara faɗa ba. In kun sami tsoho yana magana, kada ku tashi, ko kaset ya ƙare, ko ruwa zai dake ku. Ku nemi izini ku gaisa da tsofaffin matan gida. In kuma ba ku samu ba, ku ce ba ku samu ba.

Na koma Argungu ranar kasuwa. Sani ya tare ni a ƙofar gida, na gaya masa yadda ake ciki. Ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce tsohuwar tun tafiyata ba ta cin abincin kirki, duk sallamar da aka yi sai ta tambaya ko ni ne. Ya ce in shiga in ce mata mahaifinta ya sani, ya yi murna, ya sa mata albarka, ciwo ne ya hana shi dawowa. Ya ce ba abin da zai rage ni, kuma babu mai ƙaryata ni tunda duk sun mutu. Na ce masa na taɓa gaya mata abin da ban sani ba, ya ga inda ya kai mu.

Na shiga na durƙusa. Na tambayi lafiyarta, na tambayi jikoki, na tambayi sanyi, na koma kan katangar da ta faɗi.

"Gaisuwarka ta yi tsawo, Malam," in ji ta. "Tsohon ya rasu ke nan."

Na ce ya rasu.

"Kuma wancan zuwan ba ka tambaye shi ba."

Na ce ban tambaye shi ba, kuma babu wani da ya rage da zan tambaya.

Ta daɗe tana murza bakin tabarma da yatsa. Sani yana tsaye a bayana, matan gidan sun bar daka. Ta yi wa Saje Gado addu'a, ta yi wa mahaifiyarta, muka shafa.

"To, ni dai na ɗauka bai sani ba," ta ce. "Da ya sani da ya zo."

Sani ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa ya yi mata shiru. Ban tabbatar mata ba, ban kuma musa ba. A kan haka ta zauna har ta rasu da bazarar da ta biyo.